Ciwon Masu Tumbi

A Bakura an yi wasu 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda mutanen unguwa ke kira Malam Babba da Malam Ƙarami. In ka gan su tare ba ka cewa ciki ɗaya suka fito. Malam Babba dogo ne siriri, duk jijiya, ya ɗebo jikin mahaifiyarsu, Bafulatana ta wajen Maradun. Shinkafa yake nomawa rani da damina a gonakin da ruwan madatsar Bakolori ke ratsawa. Yana da shekara hamsin da bakwai, amma shi kaɗai yake saɓa buhu ya kai bakin hanya. Malam Ƙarami kuwa gajere ne mai tumbi. Yana da rumfar hatsi a kasuwar Talatar Mafara, inda yake wuni zaune a kan buhu, mai tsire ya zo wucewa ya tsai da shi, mai fura ta zo wucewa ya tsai da ita.

Malam Ƙarami yana da ɗiya da aka sa wa sunan mahaifiyarsu, shi ya sa su biyun duka suke kiranta Ummi. Ta karanci aikin jinya, tana aiki a Gusau. Wani hutu da ta zo gida ta taho da na'urar awon jini, ta ɗaura wa babanta a damtse. Abin ya nuna 160 bisa 100. Ta sake aunawa washegari, ta ƙara bayan kwana uku, duk yana sama da 140 bisa 90, wato iyakar da likitoci suka ce daga nan hawan jini ya fara. Ta raka shi wurin likita aka rubuta masa magani. Babu wanda ya yi mamaki a unguwar. Kowa cewa ya yi, dama mai tumbi irin wannan me ake jira?

Ran nan da la'asar ta tarar da yayan babanta a zaure yana wasa lauje. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta fito da na'urar.

"Baffa, kawo hannunka. Minti biyu ne kawai."

Ya yi dariya har ya ajiye laujen. "Ummi, kai abinki can. Wanga ciwo na masu tumbi na, irin ubanki, da 'yan boko masu wuni bisa kujera. Mu da munka gaji Hillani, ina munka ga kitsen da jini za ya hau?"

"Baffa, ai ba a jiki ake ganinsa ba."

"Kaina bai ciwo, idona bai juwa. Ubanmu bai san shi ba, kakanmu bai san shi ba. Babu shi gidanmu, ubanki can kasuwa ya sawo nashi."

Ta naɗe igiyar na'urar ta mayar jaka. Ɗiya ba ta ja-in-ja da baffanta a zaure.

Wannan magana ta Malam Babba ta kashe mutane da yawa a ƙasar Hausa, kuma masu faɗinta ba wawaye ba ne. Mutum ya saba cewa ciwo yana sallama kafin ya shigo: zazzaɓi da rawar sanyi, ciwon haƙori da zugi. Hawan jini ba ya sallama. Yakan shekara goma yana taurara jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda, mai shi yana noma yana cin tuwonsa lafiya lau. Gaskiya ne ƙiba da yawan zama suna ƙara shi, amma ramamme bai tsira ba. Shi Malam Babba, miyar gidansa dunƙule huɗu ko biyar ake murza mata bayan gishiri, in an ajiye masa kwano kuma sai ya barbaɗa yaji mai gishiri a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum zai ci a wuni ya kai giram 5, kamar cikin ƙaramin cokalin shayi ke nan, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da yaji da kilishi. Ga rashin barci. Tun da tsaro ya taɓarɓare a yankin, rabin darensa a farke yake yi yana sauraren ƙarar babura, ɗaya rabin yana lissafin bashin taki.

Bayan shekara biyu, lokacin yankan shinkafar rani, zafi kamar ya tsaga ƙasa, Malam Babba yana tsakiyar gona da 'yan ƙwadago bayan azahar. Lauje ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka ƙi kamawa. Ya juya zai kira babban ɗansa, sai maganar ta fito a cakuɗe, kamar ya cika baki da gari. Ɗan ya dubi fuskar ubansa ya ga gefen bakin ya zube, yawu na bin haɓa. Kafin ya ƙaraso, ƙafar dama ta lanƙwashe, dattijon ya kife kan dami.

Aka ɗora shi a babur, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya yana riƙe da shi, aka kai shi gida.

Gida ya cika. Uwargida ta ce iska ce, gonar nan kusa da tsohuwar tsamiya take, kuma da tsakar rana abin ya faru. Wata maƙwabciya ta ce jifa ne, don shinkafarsa ta fi ta kowa kyau bana. Aka kira wanzami ya kafa masa ƙaho a kafaɗa da ƙeya, baƙin jini ya fito, aka ce ga mugun abin nan yana fita. Aka turara ɗaki, aka shafe shi da man zaitun. Aka kawo rubutu a ƙwarya aka ɗaga kansa aka ɗura masa, ya sarƙe, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. Duk wanda ya sa hannu a wannan rana don ƙauna ya sa. Sai dai mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa maƙogwaronsa ma ya shanye, abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya, ya zama ciwo na biyu a kan na farko.

Sai dab da magariba waya ta shiga wurin Ummi. Ta tambayi abu uku: bakinsa ya karkace? Yana iya ɗaga hannu biyu? Maganarsa tana fita? Da ta ji amsa sai muryarta ta sauya.

"Baba, don Allah kada a ƙara ba shi komai ta baki, ko ruwa. Ku kwantar da shi ta gefe. Ku nemi mota yanzu."

Malam Ƙarami ya zaga wurin direba uku, kowa ya ce ba ya hawa hanya da dare ko nawa za a ba shi, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Limamin unguwa da ya zo dubiya bayan isha'i ya yi addu'a ya tofa, sannan ya dubi mutanen gidan ya ce: "Addu'a tamu ce, ba mu bari. Amma gari na wayewa ku kai shi asibiti. Neman magani ba ya ɓata tawakkali."

Da asuba suka kama hanyar Talatar Mafara, daga can aka tura su Sakkwato, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, don a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Awon farko ya nuna 210 bisa 120.

Likitan da ya karɓe su ya kira Malam Ƙarami da Ummi, ya ɗaga hoton a gaban fitila ya nuna musu wani farin tabo a ɓangaren hagu. Da ya ji manoman Bakolori ne sai ya ce: "Alhaji, ka san kanal ɗin da ke kai ruwa gonakinku. Abu biyu ke hana gona shan ruwa: ko dai laka ta toshe kanal, ko ruwa ya yi ƙarfi ya ɓalle gefensa. Haka jijiyar ƙwaƙwalwa take. Ta yayanka ɓallewa ta yi, jini ya kwarara. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke tafiyar da damar jiki da magana, shi ya sa ka ga dama ta mutu." Ya ce in toshewa ce, akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma sai an yi ta cikin awa huɗu da rabi daga farawar ciwon, kuma sai hoto ya tabbatar ba fashewa ba ce. Don haka ne ma ba a saya wa irin wannan majinyaci asfirin a kemis, in fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi.

Sannan ya tambaya: "A gidanku an taɓa yin wanda ya yanke jiki ya faɗi haka?"

"Babu," in ji Malam Ƙarami. Ya yi shiru. "Sai dai babanmu. Shi iska ta ɗauke shi. Shekarun da anka gama dam, anka tashi mutane daga gonakinsu, ya hwaɗi wajen alwala, bai ƙara magana ba, kwana tara ya cika. Anka ce aljannun da ruwa ya kora na."

"Bakinsa ya karkace?"

Malam Ƙarami ya sunkuyar da kai. An gama ginin madatsar Bakolori a 1978, yana yaro ƙarami lokacin, amma bai manta yadda innarsu take goge wa babansu yawu da gefen zane ba. Ashe ciwon da yayansa ya rantse babu shi a gidansu, shi ya ɗauke maigidan.

"To likita, mi as sa mu? Na ji ana cewa ciwon Turawa na, masu cin daɗi."

Likitan ya ja kujera ya zauna. Ya ce wannan tambaya an yi mata aiki, kuma a nan gida aka yi. Akwai wani babban bincike mai suna SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, har da asibitin Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Sun tattara mutum 2,118 da ɓarin jikinsu ya shanye, Hausawa da Yarabawa da Ibo da mutanen Gana, suka gwada kowane da wani sa'ansa mai lafiya. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna kusan tara cikin goma na wannan ciwo a wurinmu hawan jini ne tushensa. Kusan ɗaya cikin uku kuma irin na Malam Babba ne, na fashewa, wanda ya fi kisa, alhali a ƙasashen Turawa bai cika wuce ɗaya ko biyu cikin goma ba. Da aka jera majinyatanmu da na Amurka a 2017, sai aka ga namu yana faɗuwa yana da shekara 68 a tsakaice, baƙar fatar Amurka 73, farar fata 76.

"Ka ga bambancin, Alhaji. Bature yakan faɗi bayan ya yi ritaya ya ga jikoki, sau da yawa ma daga ciwon zuciya nasa ke tasowa. Namu yana faɗuwa da lauje a hannu da 'ya'ya a makaranta."

Ya ƙara da cewa ko a Amurka ɗin, haɗarin faɗuwar farko ga baƙar fata ya kusa ninka na farar fata. Wani bincike na can mai suna REGARDS, wanda ya bi mutum sama da 30,000, ya gano cewa in lambar sama ta awon jini ta ƙaru da 10, haɗarin farar fata yana ƙaruwa da kashi 8 cikin ɗari, na baƙar fata da kashi 24. Yawancin baƙar fata ƙodarsu ta fi riƙe gishiri. Har magani ma ba ɗaya yake aiki ba: gwajin CREOLE da Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka buga a 2019, ya nuna haɗin magani biyu da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata fiye da haɗin da babu shi.

Malam Ƙarami ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya. Amma abin da ya ɗauka ya tafi da shi gida ba shi likita ya nufa ba.

Malam Babba ya yi mako uku a asibiti, ya sha fama da ciwon huhun da ɗuren nan ya jawo, Allah ya yi da sauran kwana. Aka dawo da shi Bakura a kwance. Bayan wata biyu Ummi ta zo gida, tana gyara ɗakin babanta ta ɗaga matashi ta ga katin magani uku ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalla ba. Ta same shi a tsakar gida yana cin tsire.

"Baba, yaushe ka bar shan magani?"

"Tun da munka dawo daga Sakkwato. Ba kina wurin ba? Likita da bakinai ya ce abin cikin jinin baƙar hwata yake. Ya ɗauki babanmu, ya kada Yaya da ko tumbi bai da. Ni wa? Abin da mutum ya gada ƙwaya ba ta hid da shi. Bari in ci namana in jira lokaci."

Ga kuskure na biyu, kuma a ganina ya fi na farko haɗari, domin yana sanye da rigar ilimi da ta tawakkali. Yaya ya ce ba namu ba ne, bai auna ba. Ƙane ya ce namu ne na gado, ya bar magani. Sun bi hanya biyu sun ɓulla ƙofa ɗaya.

Ummi ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna gefen tabarma ta ce: "Baba, rabin maganar ka riƙe. Bari in ba ka sauran." Ta ba shi labarin wani likita Ba'amurke, Richard Cooper, da shi da abokan aikinsa suka auna jinin baƙar fata a wuri uku, suka buga sakamakon a 1997. Duk asalinsu Afirka ta Yamma ne, cinikin bayi ya raba kakanninsu. A Najeriya da Kamaru, masu hawan jini kashi 16 cikin ɗari ne a lokacin. A tsibiran Karibiyan, irin su Jamaika, kashi 26. A Amurka, kashi 33.

"Asali ɗaya, Baba, amma lamba uku. Da jini ne kaɗai da ba su bambanta ba. Inda aka fi cin gishiri aka fi ƙiba, can ya fi hawa. Gado ya sa ka fi Bature saurin kamuwa, shi ya sa kai ka fi shi bukatar maganin. Ai binciken nan na su Ibadan da Kano bai tsaya kan hawan jini ba. Ya ce mai cin ganye kullum haɗarinsa ya ragu sosai, mai yawan cin nama da mai barbaɗa gishiri a kwano da mai shan taba da mai ciwon suga nasu ya ƙaru. Wanne ne cikin waɗannan ka gada daga Kaka? Zogale da rama da alayyahu ga su nan bayan gida."

Ya dubi tsiren da ke hannunsa. "Kuma sai yaushe za ni bar shan ƙwayar?"

"Ba a bari, Baba. In awo ya sauka, maganin ne ya saukar da shi. Ranar da ka bari, ranar zai fara komawa."

"Har mutuwa ke nan."

"Har lokacin da Allah ya rubuta. Amma ka je a kan ƙafarka, kana alwala da hannunka. Ka shiga ɗakin Baffa ka ga wa ke kai shi ban-ɗaki."

Wannan ta shige shi. Ya miƙa wa yara sauran tsiren, ya ce a kawo masa ruwa.

Akwai wuri ɗaya da gado yake da hannu dumu-dumu, kuma gidan bai tsira daga shi ba. Jikan Malam Babba, yaro ɗan shekara biyar, yana da sikila, abin da tsofaffi ke kira amosanin jini. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya yana ɗauke da ƙwayar gadonta, kuma ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ciwon kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. In ba a yi komai ba, kusan ɗaya cikin goma na waɗannan yara ɓarin jikinsu yakan shanye kafin su kai shekara ashirin. Ko wannan da yake gado tsantsa an samo masa dabara, kuma a Kano aka gwada ta: Dakta Najibah Galadanci da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt da abokan aikinsu sun nuna cewa in aka auna gudun jini a jijiyoyin kan yaro da wata na'ura da ake ɗorawa a gefen kunne, aka ba waɗanda nasu ya yi yawa maganin hydroxyurea, haɗarin yana faɗuwa ƙwarai. Ummi ta sa aka kai yaron Kano aka auna shi. Ta kuma kafa wa samarin gidan sharaɗi cewa ba mai kai kuɗin gaisuwa gidan kowa sai an yi gwajin jini.

Malam Babba ya yi wata shida ana yi masa gashi. Ƙafar ta dawo har yana jan ta da sanda zuwa masallaci, magana ta dawo kalma-kalma, hannun dama bai dawo ba. Gonar bakin kanal, wadda shinkafarta ta fi ta kowa kyau, an ba da ita jingina don kuɗin asibiti, ƙaramin ɗansa ya bar makaranta ya koma ƙwadago a gonar wasu. Kuɗin da jinyar ta ci ya isa sayen maganin hawan jini na shekaru masu yawa.

Wata Juma'a bayan an sauko, ya sa aka tara 'ya'yansa maza da mata da surukai a zaure. Ya nuna jakar Ummi da sanda. Aka jera ana ɗaurawa ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga ciki jininsu ya hau: ɗansa na biyu, siriri kamar ubansa, bai kai arba'in ba, da matar babban ɗansa, wadda ta yi jijjiga a haihuwarta ta fari ba a sake auna ta ba tun daga nan. Da ɗan ya fara cewa shi ba abin da ke damunsa, sai dattijon ya buga sanda a ƙasa, ya tattara kalmomin da ƙyar: "Ni ma... haka... nic ce."

Mai karatu, in ka haura shekara talatin ba ka san lambar jininka ba, ka tsaya a asibitin sha-ka-tafi ko kemis mai na'ura a wannan makon, ka rubuta lambar a takarda, ka kai iyalinka su ma. In kuwa wani naka bakinsa ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta cakuɗe, ka duba agogo, kada ka ɗura masa komai, ka nemi mota tun rana ba ta faɗi ba.